Bikin Hamada na Ƙasar Mali, 2001 zuwa 2012

1.0 Gabatarwa

Daga shekara ta 2001 zuwa ta 2012, duk watan Janairu, akan yi wani taron kaɗe-kaɗe da waƙe-waƙe na kwana uku a arewacin ƙasar Mali. Sunansa da Faransanci Festival au Désert, wato Bikin Hamada. Abzinawa ne suka kafa shi, mutanen da suke kiran kansu Kel Tamashek, waɗanda a kasuwannin ƙasar Hausa aka fi sani da Buzaye. A cikin waɗannan shekaru bikin ya sauka a wurare huɗu: Tin Esako, da Tesalit, da Esakan, sannan bakin garin Tambutu. Wannan takarda za ta bi tarihinsa daga tushe, ta bayyana yadda ake shagalinsa, ta kuma nuna cewa sulhu ne ya haife shi, kuma da sulhun ya rushe bikin bai iya tsayawa da ƙafarsa ba.

2.0 Tushen bikin a al'adar makiyaya

Abzinawa makiyaya ne na raƙuma da awaki, kuma yawancin shekara kowane dangi yana can wani gefe na daji wajen neman ruwa da ciyawa. Saboda haka tun zamanin da suna da lokacin haɗuwa. A yankin Kidal ana kiran wannan taro takubelt, a yankin Tambutu kuma temakannit. A nan ake jin labarin 'yan'uwa, a sasanta rigingimun rijiya da na makiyaya, a ƙulla aure, a yi tseren raƙuma. Wanda ya san taron da ake yi a Ingal ta ƙasar Nijar a ƙarshen damina, lokacin da ake kai dabbobi lasar gishiri, ya san irinsa.

Kiɗan irin wannan taro galibi a hannun mata yake. Babban abin kiɗansu shi ne tende, wato turmin daka da ake rufe bakinsa da fatar akuya, a riƙa jiƙa ta da ruwa don ta yi amo. Mata kan zauna kewaye da turmin, ɗaya tana kaɗawa, ɗaya tana bayar da waƙa, saura suna amshi da tafi da guɗa. Maza kuwa sai su hau raƙuma su riƙa zagaya su, raƙuman suna taku daidai da kiɗan. Akwai kuma imzad, mai tsirkiya ɗaya kamar goge, wanda shi ma mata ke gogawa. A shekara ta 2013 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na duniya da sunan Aljeriya da Mali da Nijar. Na uku shi ne tehardant, ɗan'uwan molo, wanda ake haɗawa da ƙwarya a kiɗan takamba na Abzinawa da Sanwayawan Gao.

3.0 Fari, tawaye da sulhu

Mali ta sami mulkin kai a 1960. Bayan shekara uku, a 1963, Abzinawan tsaunukan Kidal suka yi tawaye, sojojin gwamnati suka murƙushe su da ƙarfi, aka kashe mutane da dabbobi. Daga baya farin 1973 da na 1984 suka cinye dukiyar makiyaya. Samari da yawa suka bar daji, suka nufi Aljeriya da Libiya neman aikin ƙarfi, wasu suka shiga sansanonin horon soja na Gaddafi. Ana kiran waɗannan samari ishumar, kalmar da aka aro daga Faransanci, ma'anarta marasa aikin yi. A cikinsu ne aka sami masu kaɗa jita, suna waƙoƙin kewar gida da na kiran jama'a su farka. Ƙungiyar da ta fi suna ita ce Tinariwen, wadda Ibrahim Ag Alhabib ya jagoranta, mutumin da aka kashe mahaifinsa a tawayen 1963 yana yaro. Ba su da kamfanin buga faifai a lokacin. Kaset ɗinsu ne ke yawo hannu da hannu, ana kwafa, har ya game hamada.

A watan Yuni na 1990 sabon tawaye ya ɓarke da hari a garin Menaka, ƙarƙashin jagorancin Iyad Ag Ghali. Dubban mutane suka tsere zuwa sansanonin 'yan gudun hijira a Muritaniya da Burkina Faso da Aljeriya, tarukan gargajiya kuma suka tsaya. An sa hannu a wata yarjejeniya ta ƙasa a watan Afrilu na 1992, amma faɗa bai lafa ba sai bayan wasu shekaru. Ranar 27 ga Maris 1996, a Tambutu, aka tara makamai kusan 3000 aka cinna musu wuta a gaban shugaban Mali Alfa Umar Konare da shugaban Gana Jerry Rawlings. Ana kiran wannan rana Wutar Sulhu. Bayanta ne 'yan gudun hijira suka fara komowa, aka kuma sake farfaɗo da tarukan makiyaya.

4.0 Daga Tin Esako zuwa Esakan

Tunanin buɗe irin wannan taro ga baƙi ya fito ne daga abotar da ta shiga tsakanin Tinariwen da wata ƙungiyar makaɗa ta Faransa mai suna Lo'Jo, tare da wasu Abzinawa masu kishin al'ada. Daga cikinsu akwai Manny Ansar, ɗan yankin Tambutu, wanda ya zama shugaban bikin. An yi na farko a watan Janairu na 2001 a Tin Esako, gabas da Kidal, wuri mai duwatsu da wuyar zuwa. Ya zo daidai da husufin wata na daren 9 ga Janairu. Baƙin da suka zo daga waje kaɗan ne ƙwarai, yawancin mahalarta makiyayan yankin ne da raƙumansu. Na biyu an yi shi a 2002 a Tesalit, kusa da iyakar Aljeriya.

A 2003 aka koma Esakan, wani ƙauye mai farin rairayi da ke tazarar kilomita kusan 65 yamma da Tambutu. Wurin ya fi sauƙin zuwa ga mai tasowa daga Bamako, ko da yake babu kwalta tsakaninsa da Tambutu, sai dai mota mai ƙarfin shiga yashi ko raƙumi. Bikin wannan shekara shi ne ya fitar da sunan taron a duniya. Ali Farka Ture na garin Niyafunke ya yi wasa, haka ma Umu Sangare ta kudancin Mali, da ƙungiyar Tartit wadda mata suka fi yawa a cikinta, da Tinariwen. Daga Ingila Robert Plant ya zo, tsohon mawaƙin Led Zeppelin, daga Amurka kuma ƙungiyar Blackfire ta ƙabilar Nabaho. An ɗauki wasannin aka fitar da faifai, gidajen rediyon Turai suka yi ta sa shi. Daga nan har 2009 Esakan ce mazaunin bikin, har aka gina masa dandamali na siminti a can.

5.0 Yadda ake shagalin

Wanda zai je daga Bamako yakan yi tafiyar kwana biyu ko fiye a mota, ya bi ta Mopti, ya haye kogin Kwara a jirgin fito kafin ya shiga Tambutu. Wasu kan bar mota a Mopti su shiga kwalekwale mai inji, su kwana uku a kan ruwa. Idan an isa Esakan babu masauki sai tantuna, wasu na fata irin na makiyaya, wasu na farin ƙyalle. Kowa a kan tabarma yake kwana, da minista da makiyayi da Bature. Ruwa a ƙididdige yake, yashi kuwa yana shiga abinci da tufafi da kayan kiɗa.

Rana ta gargajiya ce. Da hantsi da kuma bayan la'asar mata kan kafa tende a tsakiyar fili, mahaya su fito cikin shuɗin rawani, sun rufe baki da amawali, raƙuma sun sha ado da jan sirdi da tuntaye na fata. Ana tsere, ana wasan takobi, ana gasar waƙar baka. Gefe guda maƙera da dukawa sun baza hajarsu: zobban azurfa, da wuƙaƙe, da jakunkunan fata. A ƙofar kowane tanti akwai butar shayi a kan gawayi, kuma baƙon da aka kira ya zauna sai ya sha kofi uku kafin ya tashi.

Dare kuma na dandamali ne. Idan rana ta faɗi sai a tayar da janareto, a kunna fitilu da lasifikoki. Jama'a kan hau tudun rairayin da ke fuskantar dandamalin su zauna, mahaya raƙuma kuma su tsaya a baya suna kallo daga kan sirdi. Watan Janairu tsakiyar hunturu ne, sanyin hamada kuma da dare ba ya da sauƙi, don haka akan hura gawayi a kasko nan da can, mutanen da ba su san juna ba su kewaye shi suna jin ɗumi. Ana kaiwa tsakar dare ana kiɗa, wani lokaci har kusan asuba. Bayan an kashe janareto ma akan ji jita da tafi suna tashi daga cikin tantuna.

'Yan ƙasa ba sa biyan kuɗin shiga, baƙi daga waje su ne ke biya, kuma da kuɗinsu da taimakon gwamnati da na wasu ƙungiyoyi ake ɗaukar nauyin taron. Direbobi da masu raƙuma da masu dafa abinci da 'yan jagora na Tambutu kan sami abin da zai riƙe su watanni a cikin waɗannan kwanaki. Wani amfanin kuma ya fi na kuɗi. Bambarawan kudu, waɗanda da yawansu ke tsoron arewa tun lokacin yaƙi, sun zo sun yi rawa tare da Abzinawa da Sanwayawa da Fulani da Larabawa. Makaɗan Nijar ma sun amfana: a bikin 2004 ne wata ƙungiyar Abzinawa da wata ta Fulani Wodaɓe suka haɗa wasa, daga nan suka zama ƙungiya ɗaya mai suna Etran Finatawa, wadda ta zagaya duniya.

6.0 Komawa bakin gari

Taro irin wannan, a fili ba katanga, amana ce ke riƙe da shi. Tun wajen 2003 wasu 'yan bindiga da suka fito daga Aljeriya, waɗanda daga baya suka ɗauki sunan Alƙa'ida, suka fara garkuwa da Turawa a hamada don karɓar kuɗin fansa. A watan Janairu na 2009 aka sace wasu masu yawon buɗe ido huɗu kusa da iyakar Mali da Nijar, suna dawowa daga wani bikin makiyaya a Anderambukan, daga baya aka kashe ɗaya daga cikinsu, ɗan Ingila. Ƙasashen Turai suka gargaɗi mutanensu da su guji arewacin Mali. Ganin haka, daga 2010 aka ɗauke bikin daga Esakan aka mayar da shi kan rairayin da ke bakin garin Tambutu, inda sojoji za su iya tsaron sa. Mutanen gari sun sami saukin halarta, amma baƙi sun ragu.

A 2011 gwamnatin Gaddafi ta faɗi, Abzinawan da ke cikin rundunarsa suka komo Mali da manyan makamai. A watan Nuwamba na wannan shekara aka shiga wani masauki a cikin Tambutu aka sace Turawa uku, aka harbe wani Bajamushe da ya ƙi shiga mota. Duk da haka an yi bikin daga 12 zuwa 14 ga Janairu 2012, sojoji sun kewaye wurin. Shugaba Amadu Tumani Ture ya halarta, Bono na ƙungiyar U2 kuma ya hau dandamali tare da Tinariwen. Kwana uku bayan an watse, ranar 17 ga Janairu, 'yan tawaye suka kai hari Menaka, garin da aka fara na 1990.

7.0 Bayan 2012

Abubuwa suka bi juna da sauri. A watan Maris sojoji suka yi juyin mulki a Bamako, ranar 1 ga Afrilu kuma Tambutu ta faɗa hannun 'yan tawaye. Ba a jima ba ƙungiyar Ansar Dine ta Iyad Ag Ghali da abokanta suka kori masu neman ɓallewa, suka riƙe manyan garuruwan arewa. Suka rushe hubbarorin waliyyan Tambutu, a watan Agusta kuma suka ba da sanarwar hana kiɗa. Aka ƙona kayan kiɗa, makaɗa suka tsere. Khaira Arby, babbar mawaƙiyar Tambutu, ta koma Bamako, wasu suka sake komawa sansanonin da suka bari a shekarun 1990. A wannan shekarar ce kuma, a watan Fabrairu, Tinariwen ta karɓi kyautar Grammy a Amurka.

Sojojin Faransa da na Mali sun ƙwato Tambutu a ƙarshen Janairu 2013, amma daji bai koma yadda yake ba. Masu shirya bikin suka mayar da shi na tafi-da-gidanka, suka haɗa kai da bikin kogin Kwara na garin Segu da bikin Taragalte na kudancin Maroko, suka kafa ayarin makaɗa mai yawo gari-gari da sansanonin 'yan gudun hijira yana kiran sulhu. An yi shirin komawa Tambutu a Janairu 2017, sai ranar 18 ga watan aka kai harin ƙunar baƙin wake a wani sansanin soja a Gao, mutane fiye da 50 suka mutu, hukuma ta soke taron. Sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya sun bar Mali a ƙarshen 2023, a Janairu 2024 kuma gwamnatin soja ta soke yarjejeniyar sulhun da aka ƙulla da 'yan tawaye a 2015.

8.0 Kammalawa

Shekara biyar ce tsakanin Wutar Sulhu da bikin farko, kwana uku tsakanin biki na ƙarshe da sabon yaƙi. A tsakanin waɗannan ranaku biyu Bikin Hamada ya kai kiɗan Abzinawa kunnen duniya, ya samar wa mutanen Tambutu abinci, ya kuma zaunar da kudu da arewa a kan tabarma ɗaya. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne baƙo yana iya kwana a tanti cikin daji ba tare da fargaba ba. Makaɗan da suka yi suna a Esakan suna ci gaba da wasa a Bamako da Turai da Amurka, amma tun Janairu 2012 ba a sake yin bikin a rairayin Tambutu ba.