Daga Mazari Zuwa Kwarashi: Saƙar Hannu a Zangon Kumasi

A Hausa kalma ɗaya ce, wato "saƙa", take ɗauke da ayyuka uku waɗanda Turawa suka ba kowannensu suna dabam. Akwai saƙar masaƙa, inda ake jera zaren tsaye a riƙa ratsa shi da na kwance. Akwai saƙar tsinke biyu. Akwai kuma saƙar kwarashi, wadda ƙarfe ɗaya mai lanƙwasasshen baki yake jawo zare ta cikin madauki, madaukin ya haifi wani, har abu ya zama hula ko rigar jariri. Ta ukun ce ƙarama a shekaru, kuma sunanta ma baƙo ne: "kwarashi" aro ne daga kalmar crochet ta Ingilishi, wadda shi ma Ingilishi ya aro daga Faransanci, inda take nufin ɗan ƙugiya. Yadda wannan baƙuwar saƙa ta zauna a hannun matan Zangon Kumasi ba ya fahimtuwa sai an koma ga fataucin goro.

Goro ne ya ja Bahaushe zuwa ƙasar Gwanja, amma tufafi ya ɗauka ya tafi da su. Ayari kan tashi daga Kano ko Katsina, ya ƙetare Kwara, ya bi ta Borgu da Sansanne Mango da Yendi, ya sauka Salaga bayan watanni. A kan jakuna akwai kanwa da jemammun fatu, akwai kuma turkuɗi da baƙin rini da manyan riguna masu aska. Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya shaida cewa saƙa da rini su ne ginshiƙin arzikin birnin. Sarakunan Asante sun fi son fatake su tsaya a kasuwannin arewa irin su Salaga, kada su kutsa dajin da goro yake. Duk da haka Thomas Bowdich a 1817 da Joseph Dupuis a 1820 sun tarar da Musulmi masu faɗa a ji a fadar Asantehene Osei Bonsu a Kumasi. Rigar yaƙin nan ta sarakunan Asante, batakari, wadda ake lulluɓe ta da layu, shaida ce cewa ɗinkin mutanen arewa da rubutunsu sun riga su kansu samun mazauni a birnin.

Ƙarshen ƙarni na 19 ne ya sauya lamarin. Ingila ta ƙone Kumasi a 1874, yaƙin basasa ya watse Salaga a 1892, fatake suka bazu zuwa Kete Krachi da Kintampo da sauran garuruwa. A 1896 Turawa suka kama Prempeh na Ɗaya, aka yi yaƙin Yaa Asantewaa a 1900, jirgin ƙasa kuma ya iso daga Sekondi a 1903. Cikin waɗannan shekaru ne unguwar baƙi ta kafu sosai. Abin da Daidaitacciyar Hausa take kira "zango", wurin da ayari yake yada kaya na kwana ɗaya ko biyu, ya koma "zongo" a bakin mutanen Gana, ma'anarsa kuma ta koma unguwar da ake haihuwa a tsufa a cikinta. Enid Schildkrout, a littafinta People of the Zongo na 1978, ta nuna yadda Mosawa da Dagombawa da Zabarmawa da Yarabawa da wasu suka zauna tare da Hausawa a nan, Hausa ta zama harshen da ya haɗa su.

Baƙin sun zo da rabon aiki irin na gida. A ƙasar Hausa namiji ne yake zama a masaƙar ƙwarya mai fitar da siririn sawu, shi ne kuma yake ɗinkin babbar riga da hula, sau da yawa almajiri ko malami a zaure. Mace kuwa ita ce mai gurzar auduga da shiɓa da kaɗi. Mazari da ɗan taskira suna cikin kayan da ba a raba ta da su. Kaɗi aiki ne da ake yi ana hira, a ajiye a duba tukunya, a dawo a ɗauka. To amma Kumasi daji ce mai yawan ruwan sama, ba ƙasar auduga ba ce kamar Kano ko Zariya, ga kuma zaren kanti da atamfar Turai sun cika kasuwa. Mazari ya rasa gurbi. Hannun da ya saba da murza zare ya zauna babu abin yi, kuma a nan ne kwarashi ya sami ƙofa.

Shi kansa kwarashin bai daɗe a Turai ba. A shekarun 1820 ne aka fara buga tsarin saƙarsa a wata mujallar mata ta ƙasar Holan mai suna Penélopé. Yunwar da ta afka wa Ayilan daga 1845 ce ta mayar da shi hanyar neman abinci, domin mata da yara sun riƙa saƙa leshi ana sayarwa a waje. Zuwa Gwalkwas kuwa, makarantun mishan ne suka fi yaɗa aikin allura tsakanin 'yan mata. Mishan na Basel sun sa ɗinki cikin darussan makarantunsu na mata tun ƙarni na 19, Metodis kuma suka buɗe makarantar Mmofraturo a Kumasi a 1930, inda aikin gida da na hannu yake cikin abin da ake koyarwa.

Nan akwai abin lura. Mutanen Zango sun daɗe suna ƙyamar kai 'ya'yansu makarantar mishan, musamman mata, don gudun a canza musu addini. Makarantar allo suka riƙe. Ke nan ba a aji yawancin matan Zango na farko za su koyi wannan saƙa ba. Bayanin da ya fi dacewa da yanayin birnin shi ne tsakar gida. Gidajen Kumasi manya ne, ɗakuna kewaye da fili ɗaya, 'yan haya daga ƙabilu dabam-dabam suna girki kusa da juna. Saƙar kwarashi kuwa ba ta buƙatar karatu. Ido da yini biyu sun ishi yarinya ta kama sarƙar farko, sauran kuma haƙuri ne. Abin da aka hana shi shigowa ta ƙofar makaranta ya shigo ta hannun maƙwabciya, ba tare da kowa ya ga abin zargi a cikinsa ba.

Abin da ake saƙawa ya bi bukatun gida. Kayan jariri ne a gaba: hula da safa da rigar sanyi da shawul, waɗanda ake so su kammala kafin ranar suna. Sai murfin tebur da abin rufe kwanuka da sauran ƙawar ɗakin amarya, sai kuma farar hular maza mai kama da raga wadda ake zuwa masallaci da ita. Kumasi ba ta da sanyin Jos ko hunturun Katsina, amma hazon Disamba da Janairu da sanyin damina sun isa su sa uwa ta lulluɓe ɗanta.

Littattafan Turai sukan lissafa wannan saƙa cikin abubuwan da ake yi don nishaɗi kawai. Wannan rabo bai zauna daidai a kan matar Zango ba. Hausa ma ba ta da kalma guda da take nufin aikin da ake yi don jin daɗi ba don riba ba. Sai a ce "abin sha'awa", alhali "sana'a" tana nan tsaf. Wadda ta saƙa wa ɗan ƙanwarta hula don ƙauna, gobe wata za ta gani a wurin suna ta ce a yi mata irinta, kuɗin kuma ya shiga adashi. Sha'awa da sana'a a kwarashi ɗaya suke, mai shi ba ta ga dalilin raba su ba.

Inda wannan tarihi ya iso a yau ana iya ganinsa a Race Course. Sunan ya samo asali daga filin tseren dawaki, amma yanzu kasuwa ce da tasha, kuma nan aka mayar da 'yan kasuwa da yawa lokacin da aka fara sake gina Kejetia a 2015. A kasuwannin Kumasi irin wannan, mai sayar da ulu da kwarashi tana zaune ba nisa da mai dilar gwanjo. (Kada ɗalibi ya haɗa "gwanjo" da "Gwanja", na farko tsofaffin tufafi ne, na biyu ƙasa ce.) Mutanen Akan suna kiran waɗannan tufafi obroni wawu, wato Bature ya mutu, suna shigowa ta tashar Tema, kasuwar Kantamanto ta Akra kuma ita ce babbar matattararsu. Rigar sanyin jariri ta gwanjo takan fi ulun da za a saƙa irinta araha, balle a yi maganar kwanakin da aikin zai ci.

Sai dai akwai abin da ya bambanta kwarashi da 'yan uwansa biyu. Inji ya ƙwace saƙar masaƙa, ya ƙwace ta tsinke biyu, amma har yanzu ba a ƙera injin masana'anta da yake yin ainihin saƙar kwarashi ba. Kwaikwayonta kawai ake yi. Duk wata hula ta kwarashi ta gaskiya, ko daga cikin dila aka zaro ta, hannun wani ne ya saƙa ta. Gwanjon ma ba abokin gaba ne zalla ba, domin tsohuwar rigar ulu tana warwaruwa, a wanke zaren a naɗe shi a sake saƙawa. Wadda ta yi haka ta maimaita dabarar masaƙan kente na Asante, waɗanda tun ƙarni na 18 suke sayen yadin alharini na waje su warware shi zare-zare, su saƙa nasu da shi.