Ƙaunar Maƙwabci da Ganin Ƙimar Kai a Tunanin Kirista

Umarnin ƙaunar maƙwabci, wanda Yesu Almasihu ya ajiye a matsayi na biyu bayan ƙaunar Allah a Linjilar Markus sura ta 12, ya zo da ma'auninsa, domin ƙaunar da mutum yake yi wa kansa ita aka mayar mudun awon wadda zai yi wa wani. Daga nan ne wasu masu wa'azi na zamani, musamman a Amurka, suka fitar da fahimtar cewa mutum ba zai iya ƙaunar kowa ba sai ya fara ganin ƙimar kansa, wato ya auna kansa ya gamsu da abin da ya gani. Fahimtar tana da ƙanshin gaskiya, amma ta ɗora wa nassin kayan da ba nasa ba.

Asalin umarnin yana cikin Littafin Firistoci sura ta 19, kuma ayoyin da suke kewaye da shi ba su tsaya kan abin da zuciya take ji ba. An hana manomi girbe gonarsa har bakin iyaka don matalauci da baƙo su sami abin kala, an hana mai gida kwana da kuɗin ɗan ƙodago, an hana zagin kurma da sa wa makaho abin tuntuɓe. Haka ma Basamariyen nan na Luka sura ta 10, wanda ya tarar da mutumin da 'yan fashi suka yasar a hanyar Yariko, ya zuba masa mai da ruwan inabi a raunukansa, ya aza shi kan dabbarsa, ya bar wa mai masauki dinari biyu. Ƙauna a nan aiki ce, kuma son kan da aka auna ta da shi bai wuce ɗawainiyar da kowa yake yi wa kansa ba, ta ci da sutura da neman magani, wadda ko wanda ya raina kansa bai cika barinta ba.

Shi ya sa Agustin, malamin coci na zamanin da, ya ga babu buƙatar a umarci ɗan Adam ya so kansa, sai dai a koya masa yadda ya kamata ya yi, Martin Luther kuwa, a laccocinsa kan wasiƙar Romawa a 1515 da 1516, ya ɗauki mai zunubi a matsayin wanda ya lanƙwashe zuwa ga kansa. Juyin ya zo a ƙarni na 20, sa'ad da Erich Fromm, masanin halayyar ɗan Adam, ya kafa hujja a 1956 cewa mai son zuciya ba ƙaunar kansa ta yi masa yawa ba, rashinta ne yake damunsa. A 1982 Robert Schuller, limamin coci a Kalifoniya, ya kai maganar maƙura da ya kira ganin ƙimar kai sabon gyaran addini, a 1986 kuma jihar ta kafa kwamiti don yaɗa shi, da fatan rage laifuffuka da shan ƙwaya.

Bincike bai tabbatar da fatan ba. Masanin halayyar ɗan Adam Roy Baumeister da abokan aikinsa sun nuna a 1996 cewa sau da yawa masu tayar da fitina mutane ne da suka kai kansu inda ba su kai ba, waɗanda suke harzuƙa da an taɓa wannan girman, bitar da suka yi a 2003 kuma ba ta sami hujja mai ƙarfi ba cewa yawan ganin ƙimar kai yana gyara mu'amala.

Duk da haka, kuskure ne babba a ce babu alaƙa ko kaɗan. Valerie Saiving, masaniyar tauhidi, ta yi nuni a 1960 cewa malaman tauhidi maza sun taƙaita zunubi ga girman kai, alhali mata da yawa abin da yake halaka su shi ne shafe kansu gaba ɗaya. Matar da ake duka a gidan aure, sannan a ce mata ta ƙara haƙuri don ƙauna sadaukarwa ce, an zalunce ta da nassin da ya kamata ya kare ta, tunda umarnin ya ƙidaya ta cikin masu haƙƙi kamar yadda ya ƙidaya mijinta. Ƙimar da Littafin Farawa ya ba ta, ta halitta cikin kamannin Allah, ta sha bamban da wadda masanin halayyar ɗan Adam William James ya lissafa a 1890 ta hanyar gwada nasarar mutum da burinsa, domin ta James tana hawa tana sauka, waccan kuwa ba a ba mutum ita don abin da ya ci ba, balle a ƙwace ta don ya faɗi. Limamin da zai yi wa irin wannan mata nasiha wajibi ne ya fara da tsaron lafiyarta kafin ya buɗe bakin zancen yafiya.