Aron da Ya Zo da Rakiya: Tarihin Dogaro a Sana'ar Rubuta Manhaja

Duk mai rubuta manhaja a yau ya san cewa abin da ya rubuta da hannunsa ɗan kaɗan ne cikin abin da yake miƙa wa mutane. Sauran duk aro ne: ƙunshin da wani ya rubuta don lissafin kwanan wata, na wani don aika saƙo, na wani don matse hoto. Ni ɗan Lafagu ne a Ƙaramar Hukumar Bagudo, kuma galibin waɗanda nake yi wa aiki 'yan kasuwa ne masu kai-komo tsakanin garuruwanmu da Tsamiya har Segbana a ɓangaren Benin, mutanen da ke ba da bashin albasa da naira su karɓa da sefa. Wayoyinsu ƙanana ne, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, wani lokaci ma wayar ta kama layin Benin ba tare da mai ita ya sani ba. Kowane nauyi da na ƙara wa manhaja, su ne za su biya shi da kuɗin data. Wannan ya sa al'adar aro ta tsaya mini a rai, har na bi sawunta don in ga inda ta faro.

A watan Oktoba na 1968 aka yi wani taro a garin Garmisch na ƙasar Jamus, wanda ƙungiyar NATO ta ɗauki nauyi, saboda manyan ayyukan kwamfuta na wancan zamani suna cin kuɗi suna wuce wa'adi. A nan Douglas McIlroy na Bell Labs ya kawo shawarar a riƙa ƙera guntayen manhaja a ajiye, mai bukata ya zaɓa ya haɗa, maimakon kowa ya fara daga tushe. A lokacin buri ne kawai, domin babu intanet da za a ɗauko guntun ta cikinta.

Wanda ya fi burge ni a wannan tarihi shi ne David Parnas. A Disamba 1972, yana Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka, ya buga maƙala kan yadda ya kamata a rarraba manhaja kashi-kashi. Ra'ayinsa shi ne kowane kashi ya riƙe sirrin yadda yake aikinsa, ya nuna wa sauran ƙofa ɗaya kawai, ta yadda in an sauya cikinsa ba sai an taɓa maƙwabtansa ba. A 1979 ya ƙara da cewa a zauna a rubuta wane kashi ne ke amfani da wane, kuma a guji zagaye, wato na farko ya dogara da na biyu, na biyun kuma ya dawo ya dogara da na farko. In haka ta faru, ba ka iya cire ɗaya ko gwada shi shi kaɗai. Ya faɗi wannan tun manhajoji ba su kai girman na yau ba, kuma a ganina har gobe ba a yi wa matsalar bayani da ya fi nasa ba.

Daga nan kayan aiki suka yi ta fitowa. Stuart Feldman ya rubuta make a 1976, wanda ke riƙe jerin fayil ɗin da ya dogara da wani. Ian Murdock ya kafa Debian a 1993, inda kowane ƙunshi yake bayyana abin da yake bukata kafin ya yi aiki. Masu yaren Perl suka buɗe rumbunsu na CPAN a 1995, masu Java suka samu Maven a 2004, sannan Isaac Schlueter ya fito da npm a 2010 don masu JavaScript. Burin McIlroy ya cika har ya zarce. Layi ɗaya za ka buga, ƙunshin da kake so ya sauko, ya jawo waɗanda yake bukata, su ma su jawo nasu. Kai ɗaya ka nema, amma ka buɗe jakar ka tarar da ɗaruruwa. Duk wanda ya taɓa zama gaban mota a shingen kwastan na kan iyaka ya san halin direban da aka ba kwali ya ɗora bai buɗe ba: ranar da aka farke shi, ba wanda zai nemi mai kayan, direban za a riƙe.

Ranar 22 ga Maris 2016 duniya ta ga wannan ƙarara. Wani mai rubuta manhaja, Azer Koçulu, ya samu saɓani da kamfanin Kik kan sunan wani ƙunshinsa, npm kuma ta miƙa sunan ga kamfanin. Cikin fushi ya janye ƙunshinsa sama da 250 daga rumbun. A cikinsu akwai left-pad, layi 11 kacal, wanda aikinsa ƙara sarari ko sifili a gaban rubutu. Nan take ginin dubban ayyuka ya tsaya, har da masu amfani da ƙunshin Babel, kuma yawancin masu ayyukan ba su taɓa jin sunan left-pad ba. Sai da npm ta maido da shi da kanta, sannan ta tsaurara ƙa'idar janye ƙunshi. A 2018 aka samu wanda ya fi wannan muni: mai kula da ƙunshin event-stream ya gaji ya miƙa shi ga wani baƙo da ya nuna yana son taimakawa, baƙon ya saƙa wani ƙaramin ƙunshi a ƙarƙashinsa don satar kuɗin Bitcoin daga masu amfani da manhajar Copay. A Disamba 2021 kuma ɓarakar ƙunshin Log4j ta fito, kamfanoni suka kwana suna tambayar kansu ko suna da shi, domin a wurare da yawa yana can ƙasa, wani ya jawo wani ya jawo shi.

Amma labarin da nake son kowane ɗalibi ya sani dalla-dalla shi ne na xz. Ƙaramin kayan matse fayil ne da kusan kowace kwamfuta mai Linux take ɗauke da shi, kuma shekara da shekaru mutum ɗaya, Lasse Collin, yake kula da shi ba albashi. Tun 2021 wani mai kiran kansa Jia Tan ya fara aiko masa da gyare-gyare masu kyau, a hankali har ya samu amincewa da ikon fitar da sabon zubi. A zubi na 5.6.0 da 5.6.1 ya ɓoye ƙofar baya. Abin da yake hari shi ne OpenSSH, ƙofar da ake bi a shiga sabar daga nesa. To ga inda maganar take: OpenSSH ba ya bukatar xz ko kaɗan, marubutansa ba su taɓa haɗa su ba. Wasu masu rarraba Linux, irin su Debian da Fedora, su ne suka yi masa ɗan ƙari don ya riƙa sanar da manhajar systemd cewa ya tashi. Don wannan 'yar sanarwa suka jingina shi da ƙunshin systemd, wato libsystemd, gaba ɗaya, shi kuma libsystemd yana jawo liblzma, wanda shi ne cikin xz. Ta wannan doguwar hanya ɓarawo ya iso bakin ƙofa.

Andres Freund, injiniya a Microsoft mai aiki kan PostgreSQL, shi ya lura shiga ta SSH tana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ta saba, tana kuma cin ƙarfin na'ura. Bai share ba. Ya bi sarƙar har ƙarshe, ya sanar da duniya ranar 29 ga Maris 2024, kafin zubin ya kai ga yawancin sabar da ake aiki da su. Maganin da ya biyo baya shi ma darasi ne: OpenSSH ya rubuta 'yar sanarwar da kansa cikin layuka kaɗan, systemd kuma ya daina ɗauko kayan matsewa sai lokacin da ake bukatarsu. An yanke igiyar da tun farko ba ta da dalilin kasancewa.

Bin sawun ba wuya gare shi ba, haƙuri yake so. Mai JavaScript ya buga npm ls --all ya ga bishiyar duka, ya buga npm explain da sunan ƙunshi ya ga wanda ya gayyato shi. Mai Java yana da mvn dependency:tree da jdeps, mai Python yana da pipdeptree, a Linux kuma ldd zai nuna maka abin da shiri yake ɗauka in ya tashi. A manhajar rubuta bashi da na yi wa masu albasa, irin wannan dubawa ce ta nuna mini cewa ƙunshin kwanan wata yana tafe da sunayen watanni na harsunan duniya da dama, alhali Hausa da Faransanci kawai muke so. Ta kuma nuna cewa kashin da ke juya naira zuwa sefa ya jingina da kashin da ke hawa intanet, don haka in sabis ya ɗauke a kasuwar Lolo lissafi ma sai ya tsaya. Na raba su yadda Parnas ya ce: mai lissafi ya karɓi farashin canji a hannu, bai san daga ina ya zo ba. Wani dattijo da ya gwada bayan gyaran ya ce mini, “Yaro, yanzu ta daina jiran Cotonou kafin ta gaya mini kuɗina.”

Ba ina cewa a daina aro ba. Wanda ya zauna zai rubuta nasa tsarin ɓoye kalmar sirri ya jefa mutane cikin haɗari fiye da wanda ya ɗauko na ƙwararru. Abin da na ƙi shi ne aron da ba a duba ba, musamman na abin da za ka rubuta cikin layi goma. A Amurka, a Mayu 2021 umarnin shugaban ƙasa mai lamba 14028 ya sa maganar jerin kayan da ke cikin manhaja ta shiga sharuɗɗan sayar wa gwamnati. Mu a nan ba mai tambayarmu wannan jeri, ɗan kasuwa bai san yana nan ba ma balle ya nema, shi ya sa nauyin ya koma kan amanarmu.

Ina roƙon malamanmu a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero da Kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, in ɗalibi ya kawo aikinsa na ƙarshe, a sa shi ya buga bishiyar dogaron manhajarsa a gaban kowa, a nuna ƙunshi uku a tambaye shi wa ya kawo su da abin da suke yi. Ku kuma ƙannena masu koyo a waya, kafin ku sauko da ƙunshi na gaba, ku duba nawa zai jawo, wa ke kula da shi, da yaushe aka taɓa shi na ƙarshe.