Johnny Weissmuller: Mutumin da Kurmi Ya Ƙi Saki

Ina ɗan shekara 11 na fara ganin Tarzan, a wani gidan silima marar rufi a Damagaram, wajen tsakiyar shekarun 1970. Fim ɗin tsoho ne, fari da baƙi, an juya shi zuwa Faransanci. Mu ƴan gaban allo ba ruwanmu da abin da ake faɗi. Jira muke Baturen nan mai bante ya kamo jijiyar itace, ya lila, ya kurma ihunsa giwaye su amsa. Washegari babu tsamiyar da ba ta ji a jikinta ba a unguwarmu.

Da daddare na zauna ina ba kakana labari. Na gaya masa yadda ayarin Turawa ke hawan wani dutse, ɗan dako ɗaya ya zame ya faɗa rami da kayan da ke kansa, abin da Baturen ya fara tambaya shi ne mene ne a cikin kayan. Na ce duk silima aka fashe da dariya.

Tsohon ya dube ni ya ce, "Aboki, shi wanda ya faɗi, yaya sunansa?"

Na ce, "Kaka, ai ba shi da suna."

Ya ce, "Haka ne. Mu ma lokacin ba mu da shi."

Sai da na girma na san ya yi dakon kayan Nasara a zamanin aikin tilas, wanda Faransa ba ta soke ba sai a 1946. Tambayar nan ce ta sa na bi diddigin wanda muke wa tafi, ina neman wanda zan ɗora wa laifi.

Sunansa Johnny Weissmuller. An haife shi ranar 2 ga Yuni 1904 a Freidorf, kusa da Timisoara, wadda a lokacin take cikin daular Ostiriya da Hangari, yau kuma tana Romaniya. Yana jariri iyayensa suka yi ƙaura zuwa Amurka a 1905, daga baya suka zauna a Shikago. Nan ya koyi iyo, har mai horarwa Bill Bachrach ya ɗauke shi. A watan Yuli 1922 ya zama mutum na farko da ya yi iyon mita 100 cikin ƙasa da minti ɗaya, daƙiƙa 58.6. A gasar Olamfik ta Paris a 1924 ya ci zinariya 3 da tagulla 1, a ta Amsterdam a 1928 ya ƙara zinariya 2. Don kada a tuhumi zamansa ɗan ƙasa, ya riƙa cewa a Windber ta jihar Pennsylvania aka haife shi, alhali ƙanensa aka haifa can. Ke nan tun kafin ya shiga fim ya saba rayuwa da labarin da ba nasa ba.

Shi kuwa Tarzan, Edgar Rice Burroughs ne ya ƙago shi a 1912, marubucin da bai taɓa taka Afirka ba. Tarzan na littafi ɗan sarautar Ingila ne da birai suka rena, ya koya wa kansa karatu, ya iya Faransanci da Ingilishi. An fara saka shi a fim a 1918, Elmo Lincoln ya fito a matsayinsa, lokacin fim bai fara magana ba.

Da kamfanin MGM ya tashi yin nasa, jiki yake nema, ya kuwa samu. A 1932 aka saki Tarzan the Ape Man, W. S. Van Dyke ya ba da umarni, Maureen O'Sullivan ta fito a matsayin Jane. Aka rage wa Tarzan harshe, aka bar masa kalmomi ƴan ƙalilan da nuni da yatsa. Wannan ya rufa wa Weissmuller asiri tunda bai koyi wasan kwaikwayo ba, amma shi ne ya zame masa mari a ƙafa. Cikin kalmominsa akwai wata ta ƙirƙira da yake daka wa giwa da biri da mutum baki ɗaya, "ungawa". Mu a kunnenmu "unguwa" muke ji, muna ta murna wai Tarzan ya iya Hausa.

Afirkar da muka gani kuwa, a Kalifoniya da Fulorida aka haɗa ta. Hotunan dabbobi da ƙauyuka ragowar Trader Horn ne, fim ɗin 1931 da shi Van Dyke ya ɗauko a gabashin Afirka. Giwayen da Tarzan ke hawa na Indiya ne, aka liƙa musu manyan kunnuwa. Cikin fina-finan Tarzan 12 da Weissmuller ya yi, babu ɗaya da aka kai shi nahiyarmu don a ɗauka.

Shida daga ciki na MGM ne. Na 1934, Tarzan and His Mate, shi aka fi yabawa, kuma shi ya haɗu da fushin masu tace fina-finai saboda ƙarancin sutura. A 1939 aka so ba su ɗa, to amma ba a ɗaura wa Tarzan da Jane aure ba, sai aka sa suka tsinci jariri a jirgin sama da ya faɗi. Johnny Sheffield ne ya zama yaron. Bayan Tarzan's New York Adventure na 1942, Sol Lesser ya ɗauke shi zuwa kamfanin RKO, O'Sullivan kuma ta tsaya nan. Kuɗin aiki ya ragu, labari ya koma na yara. A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya, aka sa shi ya yaƙi sojan Hitila a Tarzan Triumphs. Na ƙarshe, Tarzan and the Mermaids, a Acapulco ta Mekziko aka ɗauke shi, ya fito a 1948. Shekarunsa 44, jiki ya yi nauyi, bante ya daina yi masa kyau, aka miƙa wa Lex Barker.

Ya cire bante, amma kurmi bai sake shi ba. Kamfanin Columbia ya sa masa riga da malafar farauta, ya zama Jungle Jim. Daga 1948 zuwa 1955 ya yi fina-finai 16 na araha a hannun Sam Katzman, 3 na ƙarshe ma da sunansa na gaskiya ya fito, yana kokawa da kada kamar kullum. Aka biyo da shiri 26 na talabijin. Da wannan ya ƙare, aiki ya ƙafe. A shekarun 1970, daidai lokacin da muke karya rassan tsamiya saboda shi, yana Las Vegas yana tarbar baƙi a wani gidan caca. Ya karye a ƙugu, shanyewar jiki ta biyo baya. Ya mutu a Acapulco ranar 20 ga Janairu 1984, yana da shekara 79. Da ake saka shi a rami, sai da aka kunna ihun nan sau 3.

Na fita neman mai laifi, na tarar da ɗan ci-rani wanda kamfani ya saya don faɗin ƙirjinsa, ya ba shi kalmomi kaɗan, ya ajiye shi da ya tsufa. Wannan bai wanke fina-finan ba. Shi an biya shi, an rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, baƙaƙen fatar da ke faɗawa rami kuwa ba a ƙidaya su. Tun a 1952 Frantz Fanon ya lura cewa baƙin yaro a tsibirinsu na Martinik Tarzan yake ɗaukar kansa, sai ya kalli fim ɗin cikin Turawa yake gane a wane ɓangare aka jera shi. Ni kakana ne ya nuna mini, a kan tabarma.

Ƴan ƙasarmu sun ba da tasu amsar. A Moi, un noir na Jean Rouch, 1958, samarin Nijar masu ci-rani a Treichville ta Abijan sun ari sunayen taurarin silima, ɗaya daga cikinsu ma Tarzan ake ce masa. Jagoransu Oumarou Ganda dako yake yi a tashar jiragen ruwa. Shi ne ya dawo gida ya riƙe na'urar ɗaukar hoto, ya yi Cabascabo, sannan Le Wazzou polygame da ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972. Yau akwai cibiyar al'adu a Yamai mai ɗauke da sunansa.

Kwanan baya jikana ya samo mini fim ɗin 1932 a intanet. Iyon Weissmuller har yanzu abin kallo ne, ba zan ɓoye ba. Da aka zo wurin dutsen nan na ce ya tsayar, ya mayar baya. Muka sake kallon mutumin da kaya a ka, yana taka gefen dutse a hankali. Yaron ya juyo ya ce, "Kaka, wane ne shi?" Na ce ya zauna, labarin da tsawo.