Inda Aka Tono Kofi, da Inda Aka Gina Shi

A ƙarni na 18, masana da dama a Turai sun ɗauka kofunan yumɓu masu zane da ake tonowa daga kaburburan Italiya aikin mutanen Eturiya ne. Daga baya jan yumɓun da salon zanen suka nuna cewa yawancinsu a Atina ta Girka aka gina su, fatake suka tsallaka teku da su. John Beazley na Jami'ar Oxford ya bi yadda kowane mai zane ke fitar da kunne, idon sawu da ninkin tufa, har ya bambance hannun waɗanda ba su bar suna ba. Salo kuma ke faɗin shekaru: zana jajayen mutane a kan baƙin fili ya fara ne wajen 530 kafin haihuwar Annabi Isa, don haka kofi mai irinsa bai girmi lokacin ba.