Ƙafar Doki da Hannun Ɗan Barga

Duk lokacin da muka buɗe littattafan tarihin ƙasar Hausa, labarin mahaya muke tararwa. Tarihin Kano ya gaya mana cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Amma wanda ke tsugunawa a turke bayan an sauka, yana lallatsa ƙafar doki, ban taɓa ganin an ba shi ko layi ɗaya ba. Kakana ɗan barga ne, don haka abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Sai mu tuna irin nauyin da dokin yaƙi ke ɗauka. Ga lifidi, ga sirdi, ga barde da makamansa, ga shi kuma dawakinmu ba a saba buga musu ƙarfe a kofato ba. Daga gwiwa zuwa ƙasa kuwa doki ba shi da tsoka, ƙashi ne da jijiya sai fata. Nan ne wahala ke taruwa. In jijiyar baya ta kumbura, to an yi asarar doki na watanni, ko ma har abada, alhali kuwa da tsada ake sayo su daga Barno da Azbin. Ba banza ba a fadar Kano aka ɗora kula da barga a wuyan Shamaki, babban bawan sarki.

Abin da na gani da idona ina yaro shi ne wannan. In an dawo daga Hawan Salla, kakana ba ya yarda a ɗaure doki nan take. Sai an zaga da shi gumi ya tsane, sa'an nan ya bi ƙafafun da tafin hannu ɗaya bayan ɗaya yana neman inda ya fi zafi. In ya samu, ya kwarara ruwan tulu, ya kwaɓa yumɓu da jiƙon bagaruwa ya shafe wurin, ya naɗe da tsohon rawani. Ba ya barin kowa ya yi naɗin nan sai shi. Wai tsananta ɗauri ya fi ciwon ɓarna. Da asuba ya kwance, ya wanke, ya shafa man kaɗanya.

Likitocin dabbobi na yau ba su ƙaryata shi ba: sanyi ne ke kwantar da sabon kumburi, ɗanyen yumɓu yana sanyaya fata yayin da yake bushewa, naɗin da ya matse kuma yana lalata jijiya. Inda suka rabu da shi, a kan lalas ne, wato ƙona wurin da jan ƙarfe. Ni ma a nan ba na bayansa, Allah ya jiƙansa.

Shi ya sa in na karanta labarin Kwatarkwashi, inda Wazirin Kano Ahmadu ya rasu yana fafatawa da sojan Turawa a watan Fabrairu na 1903, hankalina kan koma kan dawakin. Daga Kano suka raka Sarki Alu har Sakkwato, suka juyo, kafin a yi karon. A kowane zango akwai wanda ya nemo ruwa da yumɓu cikin dare, ya yage gefen rawaninsa.