Daga St. Louis zuwa Sheda: tarihin hasken da ke karo da ilektiron

Duk wanda ya bar birnin Abuja ya kama hanyar Lokoja, da zarar ya wuce Gwagwalada ya shiga ƙasar Kwali, mahaifar Ladi Kwali maginiyar tukwane, wadda hotonta ke bayan takardar naira ashirin. A nan Sheda take. Gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar kimiyya da fasaha a wurin a 1993, a 2006 kuma aka buɗe wani gini mai kaurin bango inda ake haska amfanin gona da kayan asibiti da hasken gama. Ido ba ya ganin wannan haske. Aikin da yake yi a cikin buhun wake ko tarin doya, shekara 83 kafin buɗe ginin aka gano sirrinsa a Amurka, kuma sai da manyan masana suka yi ta kai ruwa rana kafin su yarda.

A farkon ƙarni na 20 masana kimiyyar fizik sun gama sakankancewa cewa haske igiya ce mai kaɗawa. A 1905 Albert Einstein ya ce a'a, haske yana zuwa ne ƙwaya-ƙwaya, kowace ƙwaya da ƙarfinta. Kusan babu wanda ya bi bayansa. Max Planck, wanda shi ya fara buɗe ƙofar ilmin kwantum a 1900, da ya zo rubuta takardar neman a shigar da Einstein makarantar masana ta Berlin a 1913, roƙo ya yi kada a riƙe shi da wannan batu. Robert Millikan ya kwashe shekaru yana gwaji, sakamakonsa ya dace da lissafin Einstein daidai, amma duk da haka ya ƙi amincewa da maganar ƙwayar.

Arthur Holly Compton shi ma ba mabiyin Einstein ba ne da fari. An haife shi a 1892 a garin Wooster na jihar Ohio, mahaifinsa limamin coci ne kuma malamin kwaleji. A 1919 ya tafi Kambirij ta Ingila, ɗakin gwajin Ernest Rutherford, inda ya lura cewa hasken gama da ya bugi wani abu ya karkace yana fitowa da rauni fiye da yadda ya shiga. Ya dawo gida a 1920 ya zama shugaban sashen fizik a Jami'ar Washington da ke St. Louis, ya ci gaba da bin diddigin abin.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Kwalbar eksire ce mai ƙarfen molibdenum a ciki, da ɗan guntun garafayit, wato baƙin abin nan da ke cikin fensir, sai wani dutse mai sheƙi da yake auna tsawon igiyar hasken da shi. Ya harba hasken a kan garafayit, ya tare abin da ya fantsamo ta gefe, a kusurwar digiri 45, da 90, da 135. Bisa tsohon ilmi, haske zai girgiza ilektiron, ilektiron ya mayar da shi yadda ya zo, tsawon igiya bai canja ba. Compton sai ya ga wani sashe na hasken ya fito da igiya mafi tsawo, wato ƙarfinsa ya ragu, kuma gwargwadon girman karkacewar, gwargwadon asarar. A digiri 90, igiyar da ta shiga da tsawon nanomita 0.071 ta ƙaru da kimanin 0.0024. Nanomita kuwa kashi ɗaya ce cikin biliyan na mita.

Abin da ya fi burge ni a tarihin mutumin nan shi ne tsawon lokacin da ya ɗauka yana neman mafita a cikin tsohon ilmi. Har ya taɓa kawo shawarar cewa wataƙila ilektiron ya fi girman da ake zato. Sai a ƙarshen 1922 ya sallama, ya ɗauki haske a matsayin ƙwaya mai ƙarfi da tunkuɗa, ya yi lissafin karonta da ilektiron kamar na ƙwallon sunuka da ya bugi ɗan'uwansa: wanda aka buga ya ruga, mai bugun ya kauce da ragowar ƙarfinsa. Lissafi ya fito daidai da awo. Aka buga takardarsa a mujallar Physical Review a watan Mayun 1923, a shekarar kuma Peter Debye ya kai ga wannan lissafi a Zurich ba tare da sun haɗa baki ba.

Ba a nan gardama ta ƙare ba. William Duane na Jami'ar Harvard ya ce ɗalibansa sun maimaita gwajin ba su ga abin da Compton ya gani ba, aka yi ta muhawara a tarurruka har ƙarshen 1924, lokacin da Duane ya janye. Wani ɗalibin Compton ɗan ƙasar Sin, Wu Youxun, ya gwada abin a kan sinadarai iri-iri, sakamako bai sauya ba. Niels Bohr kuwa, don kada ya karɓi ƙwayar haske, shi da Kramers da Slater suka yarda a 1924 su sassauta dokar da ta ce ƙarfi ba ya ɓacewa, suka ce a jimlace kawai take aiki, ba a kowane karo ba. Walther Bothe da Hans Geiger suka raba gardamar a Berlin a 1925. Sun ajiye na'urar ƙirga biyu, ɗaya tana jiran hasken da ya karkace, ɗaya tana jiran ilektiron da aka tunkuɗe, sai ga su suna motsawa lokaci guda. Bohr ya sauka daga ra'ayinsa. A 1926 Gilbert Lewis ya raɗa wa ƙwayar haske sunan foton, a 1927 Compton ya karɓi kyautar Nobel yana da shekara 35, tare da C.T.R. Wilson. Shekara guda bayan haka Oskar Klein da Yoshio Nishina ɗan Japan suka fitar a Kopenhagen da lissafin da ke faɗin kaso nawa na foton zai karkace zuwa kowace kusurwa. Da shi ake aiki har gobe.

A nan gida kuwa, Najeriya ta kafa dokar Hukumar Makamashin Nukiliya a 1976, lokacin mulkin soja na Olusegun Obasanjo. Hukumar ta zauna a takarda shekara 30, sai a 2006, shekarar da aka buɗe ginin Sheda, aka tashe ta, Obasanjon yana shugaban farar hula.

Zuciyar ginin Sheda sinadarin kobalt-60 ne. Duk ƙwayar zarrarsa da ta rushe tana sakin foton biyu, ɗaya mai ƙarfin MeV 1.17, ɗaya 1.33, wajen ninki 70 ke nan na eksiren da Compton ya yi aiki da shi. A irin wannan ƙarfi, kusan duk karon da foton zai yi a cikin doya, ko albasa, ko naman jiki, irin na Compton ne. A matsakaici yakan miƙa wa ilektiron kusan rabin ƙarfinsa. Ilektiron ɗin ya ruga tafiyar 'yan milimita, yana fasa dubban ƙwayoyin ruwa da sauran sinadarai a kan hanya, yana tsinka zaren gadon halitta. Ƙwayoyin da ke cikin rabuwa su suka fi jin jiki: idon doya da ke shirin tsira, ƙwan ƙwaron wake, ƙwayar cuta a kan sirinji. A manyan wuraren haska kaya irin wannan, idan ba a aiki akan nutsar da sandunan kobalt a rijiyar ruwa mai zurfi, kuma mai leƙawa zai ga wani shuɗin haske kewaye da su. Ilektiron ɗin Compton ne ke haddasa shi, don suna gudu a cikin ruwa fiye da gudun da haske ke iya yi a ruwan.

Da giray ake auna yawan abin da kaya suka sha. Kimanin giray 150 ko ƙasa da haka ya isa hana doya da albasa tsira. Kashe ƙwarin hatsi bai kai 1,000 ba. Tsarkake kayan tiyata kuwa 25,000 ne. Tun 1980 kwamitin haɗin gwiwa na hukumomin abinci, lafiya da nukiliya na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce abincin da ya sha har giray 10,000 ba shi da illar guba. Tsoron da mutane ke yi cewa abincin zai koma yana fitar da hasken da kansa ba shi da tushe, ƙarfin foton ɗin kobalt bai kai ya mayar da shi haka ba.

Wanda ya tuna 2015 ya san muhimmancin wannan. A shekarar Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari na dikulobos, wanda shi ne ke cikin fiya-fiya. Abin da Turawa suka mayar, mu shi muke dafawa 'ya'yanmu su ci. Ban ce haska wake zai warware komai ba. Hasken ba ya barin kariya a baya, idan buhu bai toshe da kyau ba sabon ƙwaro zai shiga, kuma ɗan kasuwar Dawanau sai ya lissafa kuɗin mota zuwa Kwali ya dawo. Amma akwai lissafin da ya kamata ya hana masu iko barci: kobalt-60 yana rasa rabin ƙarfinsa duk shekara 5.27, kusan kashi ɗaya cikin ɗari kowane wata, ko an yi aiki da shi ko ba a yi ba. Duk sandar da aka zuba a 2006, zuwa 2022 kashi ɗaya cikin takwas na ƙarfinta ya rage. Ranar da babu kaya a layi, dukiyar jama'a ce ke ƙarewa a banza.

A Asibitin Ƙasa na Abuja, wanda ya fara aiki a 1999, karon nan ne ke yi wa masu ciwon daji gashi. Na'urar gashin tana harba ilektiron a kan ƙarfe, foton masu ƙarfi su fito su shiga jiki. Da yake ilektiron ɗin da suka tunkuɗa gaba suke nufa, ba a kan fata ƙarfin ya fi taruwa ba, sai a zurfin kusan santimita ɗaya da rabi a na'ura mai megabolt 6. Wannan ne ke sassauta ƙunar fata, abin da tsofaffin na'urori masu rauni suka kasa. Ko a ɗakin hoton ƙirji, idan ma'aikaci ya ce, “Baba, ja numfashi ka riƙe,” sannan ya koma bayan gilashi, foton da ke fantsamowa daga jikin majinyacin yake gudu.

Majinyaci yakan sha kimanin giray 2 a rana, kwana biyar a mako, makonni da dama. Kuskuren kashi biyar cikin ɗari yana iya barin ƙari da rai ko ya cutar da lafiyayyen nama. Mai tsare wannan iyaka masanin fizik ne na asibiti, wanda ke nutsar da na'urar awo a tankin ruwa ya gwada ƙarfin hasken kafin a kwantar da kowa. Hukumar sa ido kan harkokin nukiliya, wadda aka yi dokarta a 1995 ta kuma fara aiki a 2001, ita ke ba da lasisi. Na'ura ana iya sayo ta da kuɗi a shekara guda, amma mai auna ta sai an yi shekaru ana horar da shi, kuma Arewa na da inda za ta fara: cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda ƙaramin injinta na nukiliya ya fara aiki tun 2004.